Gurbin Hannu a Ƙofar Direba

Tun kafin in gama shara na ji kukan abin, kuma nan take na gane shi. Diril ɗin baban yara ne, injin da yake huda bango da shi in zai kafa wa mutane na'urar sanyaya ɗaki. Muryarsa daban take, kamar akuyar da aka taka wa ƙafa. Rabona da jin ta tun kafin mai shi ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Na fito tsakar gida da tsintsiya a hannu. Auta, ɗana na ƙarshe, ya riga ya yaye tamfol, ya fito da motar daga rumfa, ya wanke ta tas. Yana tsaye daga shi sai singileti, ya ɗaura wa bakin diril ɗin wani soso mai faɗin murfin tukunya, yana gwada shi a iska yana murmushi shi kaɗai.

"Me zan gani haka?" na ce.

"Goge ta zan yi, Mama. Yau sai kin ga fuskarki a jikin motar nan."

"Fuskata ina da madubi a ɗaki."

Ya yi dariya, ya ci gaba da warware waya.

Ba wanda ya tilasta mini, ni na ba shi motar. Matarsa, wadda har yanzu muke kira Amarya duk da amarcin ya daɗe da tsufa, cikinta ya yi nauyi, wurin aikinsa kuma da nisa. Mota tana zaune a rumfa tayoyinta suna saɓewa, ɗa yana tsayuwa a bakin titi yana ɗaga wa motocin mutane hannu, wannan ba tsari ba ne. Na miƙa masa makulli da zuciya ɗaya, ya kawo makaniki suka tashe ta. Batun fenti ne bai taɓa zo mini a rai ba.

Akwai wani wuri a ƙofar direba da ban ba shi ba, ban kuma san yadda zan ce masa ban ba shi ba.

Baban yara mai gyaran firji ne da na'urar sanyi. Rabin unguwar nan da hannunsa suke shan ruwan sanyi. Amma na'urar sanyin motarsa ta mutu tun Auta yana rarrafe, bai gyara ta ba har ya koma ga Allah. Kullum maganarsa ɗaya ce, gobe. Na yi mita har bakina ya gaji. Saboda haka gilashinsa kullum a sauke, gwiwar hannu a bakin taga, sauran hannun a waje yana lilo, tafin yana bubbuga ƙofa kamar mai rarrashin jariri. Gumi da gogar shekaru suka cinye ƙyallin fentin wurin. Duk motar shuɗiya ce, amma daga bakin taga zuwa ƙasa kaɗan akwai wani dusasshen zane, siriri daga sama, ya buɗe a inda tafin ke sauka. In ka shafa, ya fi ko'ina santsi.

Yara ba su san shi ba, domin su a ciki suke zama. Ni ce mai tsayawa a ƙofar gida da yamma, ina hango hannun ya shawo kwana kafin in ga fuskar mai shi. Tun da ya rasu, duk safiya in na zo sharar rumfa sai in ɗaga tamfol, in shiga tsakanin motar da bango, in ɗora hannuna a gurbin nasa. Wurin sanyi ƙalau, amma ina ɗorawa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni da aka sani da faɗa, wadda ko a zaman makokinsa ba a ga hawayena ba sai umarnin a ƙaro kujeru, da wane baki zan fara?

Auta ya jingina wayarsa ta hannu da bokiti. A ciki wani mutum ne mai farin safar hannu yana goge wata mota yana surutu. Ya kalla, ya gyaɗa kai kamar sun daɗe da sanin juna, ya matsa man gogewa a soson, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Sannan ya ɗora a bonet ya danna.

Man ya tashi sama kamar an watsa wa kaji tsaba. Ya sami bango, ya sami taga, ya sami duk shanyar da na yi da sassafe. Amarya ta fito da kofin shayi a daidai lokacin, ita ma ta sami rabonta a goshi.

"Wannan a cikin wayar ya nuna maka?" na tambaye shi.

"Gudun ne ya yi yawa." Ya juya diril ɗin yana murza wani ɗan maɓalli a gefensa. Ya danna, kukan bai canza ba. Ya murza baya, duk ɗaya.

"Abin rage gudunsa ya mutu," na ce. "Babanka da yatsa yake lallaɓa shi, ya danna ya saki, ya danna ya saki."

"Tun yaushe ya mutu?"

"Tun kana firamare."

"Bai gyara ba?"

"Gobe zai gyara."

Amarya ta ƙunshe dariya ta koma ciki. Na so a ce wannan ya sare masa gwiwa, ya naɗe wayarsa ya haƙura. Ina. Auta halina ya ɗauko, ba na ubansa ba. Abin da ya sa a gaba sai ya gama shi yau, ko da zai ɓata shi. Na sha yin alfahari da wannan halin a gaban mutane. Ranar kuwa ji na yi kamar in karɓe abina.

Kukan diril ɗin ya jawo mana maƙwabci. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ko keke bai taɓa mallaka ba, amma ba abin da bai sani ba game da mota. Ya hau bulo ya jingina haɓarsa a katanga, kamar yadda ya saba in ya ji motsi a gidan wani.

"Danna sosai, yaro," in ji shi. "Fenti ba ya son tausayi."

Auta ya danna. Injin yana fizgarsa hagu da dama, yana bin sa da ƙarfin damtse, gumi yana zuba. Da ya gama bonet ya goge da tsumma, ba zan yi ƙarya ba, ya yi ƙyalli. Sai dai da rana ta haska, duk saman ya cika da zagaye-zagaye, kamar an yini ana ajiye kofunan shayi a kai.

"A zagaye na biyu za su ɓace," ya ce, ba tare da an tambaye shi ba.

Na tsaya ina lura da hanyarsa. Daga bonet ya gangara gefen fasinja. Daga nan but ɗin bayan motar zai nufa, ya zagayo ƙofar baya, ya ƙare a ƙofar direba. Na ga ina da sauran lokaci, amma ba mai yawa ba.

"Auta."

Ya saki maɓalli. "Na'am, Mama."

"Ƙofar direba ka bar ta yadda take."

"Saboda me?"

"Haka na ce."

Ya zagayo ya duba. Ya sa ɗan yatsa ya shafa wurin, na ji kamar a fatata. "Mama, ai ita ce ta fi ko'ina muni. Dubi wannan tabon. Shi ne ma ya sa na sayi man."

Tabo.

"Rana ce ta ƙona shi," maƙwabci ya sa baki daga kan katanga. "Na sha ganin irinsa."

Rana ce za ta bar rufin mota da bonet, ta zaɓi tsawon kamu ɗaya a ƙofa ɗaya ta ƙona? Na buɗe baki zan faɗa. Maganar ta taho har kan harshena. Sai na ga idon maƙwabci ƙur a kaina, mutumin da in ya ji abu da hantsi, kafin azahar mai kantin bakin layi ya ji. Na hango ana cewa tsohuwar nan mai faɗa ashe kullum tana shafa ƙofar mota. Na haɗiye.

"Na ce ka bar ta," na maimaita.

"To, Mama."

Na san wannan "to" ɗin. Tun yana yaro haka yake yi mini ita in na hana shi fita, in juya baya in ji ƙarar ƙofa.

Daga nan na shiga dabaru, kuma ina jin haushin kaina a kan kowacce. Na je na zare wayar diril ɗin daga soket, na ce guga zan yi. Amarya, Allah ya yi mata albarka, ta leƙo ta tagar kicin ta ce ai akwai wani soket a nan, ya miƙo wayar ta jona masa. Na ce kaina na ciwo, ya ajiye abin nan ya je ya sayo mini magani. Amarya ta ce akwai saura a durowa, ta kawo mini har da ruwa. Na sha maganin ciwon kan da ba ni da shi, tana tsaye tana yi mini sannu.

Na koma roƙon a ɗauke wuta. Mu da muke yini ba mu ga ƙyallinta ba, har firji ya koma kabad, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Da rana ta take na zuba masa abinci, na cika kwano har yana zuba, na ƙara masa nama, da fatan ya ci ya yi nauyi ya miƙe a kujera. Ubansa da ya ci rabin wannan sai an tashe shi sallar la'asar. Auta ya share kwanon, ya sha ruwa, ya yi hamdala, ya tashi da ƙarfin da ya fi na safe.

Ya gama but. Ya shiga ƙofar baya ta gefen direba. Soson ya yi shuɗi da fentin da yake ci, shi kuwa yana ganin datti ne ke fita. Na ɗauko kujera na dasa ta a jikin ƙofar direba, na zauna, na jingina bayana da wurin.

"Mama, man zai ɓata miki kaya."

"Ya riga ya ɓata na kan igiya, saura na jikina."

"Ki ɗan matsa kaɗan."

"Nan ne inuwa."

Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dube ni. Ba inuwa ko ta sisi a wurin, ƙarfen motar ma ƙona mini baya yake. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya fara tunanin uwarsa ta fara rikicewa, ya koma kan ƙofar baya yana sake bin inda ya riga ya bi. Na zauna ina gumi, injin yana kuka a kunnena, raina a ɓace. Haushinsa nake ji, da na maƙwabci, da na mutumin cikin waya mai farin safar hannu. Har baban yara sai da na ji haushinsa, da ya gyara na'urar sanyin nan tun farko da duk ba a yi haka ba. Amma wanda ya fi ci na shi ne na bakina. Bakin da zai iya tsayar da mahauci a tsakiyar kasuwa ya wanke shi tas, ya kasa furta magana ɗaya ga ɗan da na haifa.

Na yanke shawara in maƙwabci ya sauka zan faɗa. Mutumin kuwa kamar an gina katangar da shi.

Sai na hango Amarya. Ta kwashe shanyar da man ya ɓata, ta jiƙa a babban baho, ta sunkuya da wannan cikin tana ƙoƙarin ɗaga shi zuwa bakin famfo na bayan gida. Ta ɗaga, ta dafa ƙugu, ta sake sunkuyawa.

"Ke, ajiye," na ce. Ba ta ji ba saboda kukan injin.

Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna ne suka tashi. Na je na karɓe bahon, na yi mata faɗan da ya kamata, na kai shi bayan gida da kaina. Ta biyo ni tana ba ni haƙuri, fuskarta ta yi fari, na zaunar da ita a kan turmi na sa ta sha ruwa. Ina cikin tambayarta ko bayan ne ko marar, sai kunnena ya kama wani abu. Kukan diril ɗin ya canza. Da yana tashi yana sauka, yanzu ya tsaya a murya ɗaya, doguwa, mai nauyi, irin ta abin da aka danne a wuri guda.

Kafin in iso warin ya tarye ni, kamar an bar roba a kan murhu. Sannan injin ya yi shiru.

An janye kujerata gefe. Auta yana durƙushe a gaban ƙofar direba, diril a hannunsa, soson ya narke a gefe ɗaya. Katanga ba kowa, maƙwabci ya tuna yana da aiki a gida.

Na duba ƙofar. Siririn zanen da ya gangaro daga bakin taga babu shi, wurin yana ƙyalli kamar sauran motar. A inda tafin hannun yake sauka kuwa, shuɗin ya tafi gaba ɗaya. Wani zagaye ne mai launin toka, faɗin soson, gefensa ya yi baƙi ya tattare.

"Mama," ya ce, bai ɗago ba. "Saman ya fita lafiya. Nan ƙasan ne ya ƙi yin ƙyalli. Maƙwabci ya ce in ƙara dannawa, in kin ga ya yi kyau za ki yi shiru. Sai kawai na ga toka." Ya nuna wurin da yatsa. "Fentin wurin ba shi da kauri ko kaɗan. Ban san me ya cinye shi haka ba."

Na tsaya ina kallon zagayen tokar.

"Na ɓata motar Baba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ki yi haƙuri. Gobe da safe zan kai ta wajen mai fenti, a kankare ƙofar duka a sake fesawa. Ba za ki ma gane wurin ba."

Shi kuwa in ya ce gobe, goben yake nufi.

"Na ce ka bar ta," na ce. "Da bakina na ce maka ka bar ta. Tun safe nake bin ka kamar mahaukaciya, na zare waya, na sha maganin da ba na buƙata, na zauna a rana. Sai na rubuta maka a goshi?"

"Ba ki gaya mini dalili ba, Mama."

"Sai da dalili za ka ji maganata?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ƙara ƙona ni. Amarya ta biyo ni, ta tsaya daga nesa ta riƙe bakin mayafinta. Yanzu da babu abin da ya rage da za a ceta, maganar ta fito da kanta, ba wahala, kamar dama can ba nauyi gare ta ba.

"Hannun babanka ne."

Ya ɗago. "Hannunsa?"

"Nan yake sa gwiwar hannu. Nan ya gangaro. Nan yake bugawa in yana tuƙi." Ina nunawa da yatsa, ina nuna inda babu komai sai ƙyalli. "Ba rana ba ce, ba tabo ba ne. Shi kaɗai ya rage mini wanda jikinsa ya yi da kansa. Kullum da safe ina zuwa in sa hannuna a wurin. To ka ji dalili."

Na ga lokacin da abin ya shige shi. Ya dubi taga, ya dubi zagayen toka, ya ɗan ɗaga nasa hannun kamar zai gwada, ya fasa. Ya ajiye diril ɗin a ƙasa a hankali. Idanunsa suka kawo ruwa. Ban ji daɗin ganin haka ba, ban kuma rarrashe shi ba. Ba ni da ƙarfin ko ɗaya.

Na matsa jikin ƙofar. Wannan ne karo na farko da zan yi a gaban mutane. Na sa gwiwar hannuna a bakin taga, na kwantar da hannun a kan fentin, na buɗe tafina a kan zagayen tokar. Santsin nan babu shi, wurin ya yi kaushi kamar bayan tukunya.

"Mama, da zafi," in ji Auta. "Zai ƙona ki."

Da zafi kuwa. Tun da aka rufe motar nan da tamfol ban taɓa wurin na ji shi da ɗumi ba. Haka yake a da, in baban yara ya dawo da yamma ya kashe mota, ya ɗauke hannunsa, na zo na dafa ƙofar ina tambayarsa me ya tsayar da shi.

"Ku shiga ciki," na ce musu.

Amarya ta ja hannun mijinta suka tafi. Ni kuwa na tsaya a wurin, ban ɗaga hannuna ba sai da ƙarfen ya huce.